Rumfar Leda: Yadda Ake Noma A Cikinta Da Yadda Ake Kula Da Ita

Darasinmu na wannan wata a kan rumfar leda ne, wato ɗakin da ake ginawa a gona, a rufe shi da leda, a noma kayan lambu a ciki don sayarwa.

Kowane manomi ya san halin tumatir. Daga watan Janairu zuwa Maris kasuwa takan cika maƙil. Kwando ya yi arha, wani ma ya ruɓe a bakin titi kafin a sami mai saye. Da damina ta faɗi sai tumatir ya yi wuya, kuɗinsa ya tashi. Dalili shi ne ruwan sama yana kaɗe fure, laima tana kawo cuta, ƙwari kuma suna yawaita. Rumfar leda tana kare shuka daga waɗannan abubuwa. Mai rumfa yakan kai kaya kasuwa a lokacin da wasu ba su da ko ɗaya.

Amma rumfar tana cin kuɗi mai yawa. Wanda ya gina ta ya sake da ita, zai yi asarar da ta fi ta mai noma a fili. Ribarta tana zuwa ne daga kulawa ta kullum. Wannan kulawa za mu koya a yau.

1. Mece ce rumfar leda?

Rumfar leda tana da sassa huɗu.

Na farko, ginshiƙai. Ana yin su da bututun ƙarfe wanda ba ya tsatsa, ko da katako. Katako ya fi arha, amma gara tana cin sa.

Na biyu, rufi. Leda ce mai kauri wadda haske yake ratsawa. Ta sha bamban da ledar da ake ɗaure kaya a kasuwa. An haɗa ta da wani sinadari da yake hana rana cinye ta da wuri. Ana auna kaurinta da mikiron, kuma wadda aka fi amfani da ita mai mikiron 200 ce. Irin wannan takan kai shekara 3 ko 4 in an kula da ita. Ledar da ba ta da sinadarin nan, cikin 'yan watanni rana za ta farfasa ta.

Na uku, bango. A ƙasashe masu zafi ana yin bangon da raga mai ƙananan idanu. Iska tana shiga, ƙwari ba sa shiga. Raga mai lamba 50 ita ce take tare ƙananan ƙwari sosai.

Na huɗu, kayan ban-ruwa: tanki, matata, da tiyo mai ƙananan huji wanda yake ɗigar da ruwa a gindin kowace shuka.

Ƙaramar rumfar da aka saba gani a Nijeriya tana da faɗin mita 8 da tsawon mita 24. In ka ninka 8 sau 24 za ka sami 192. Wato filinta murabba'in mita 192 ne. Tana ɗaukar tumatir wajen 500. Ban da tumatir, ana noma kokwamba da tattasai a ciki, ana kuma renon irin dashe don sayar wa manoma.

2. Darasi daga ƙasar Sifen

Kafin mu shiga aiki, bari mu leƙa inda wannan sana'a ta fi bunƙasa. A kudancin ƙasar Sifen, a nahiyar Turai, akwai wani lardi da ake kira Almeriya. Wuri ne busasshe, ruwan sama kaɗan ne, kuma a da mutanensa talakawa ne. A shekarar 1963 aka gina rumfar leda ta farko a can. Yanzu rumfunan leda sun rufe fiye da hekta 30,000 na lardin. Hekta ɗaya wajen eka biyu da rabi ce. Daga can ake loda tumatir da tattasai da kokwamba zuwa Jamus da Faransa da Ingila a lokacin sanyi. Yawancin rumfunan na iyalai ne masu ƙananan gonaki, waɗanda suka haɗa kai suna sayar da kayansu ta hannun ƙungiyoyi.

Sun kuma gamu da matsaloli biyu. Sun janye ruwan ƙarƙashin ƙasa da yawa har wasu rijiyoyi suka koma gishiri. Tsohuwar leda kuma ta zama shara mai wuyar kawarwa. Duk wanda zai shiga wannan noma ya riƙe waɗannan biyu a ransa: tattalin ruwa, da inda zai kai tsohuwar leda.

Akwai bambanci ɗaya babba tsakaninmu da Turai. Su galibi sanyi suke gudu, shi ya sa suke rufe rumfa ruf don ta riƙe ɗumi. Mu a nan zafi ya ishe mu. Abin da muke so rumfa ta tare mana shi ne ruwan sama da ƙwari. Don haka rumfarmu tana bukatar tsawo da iska mai yawa.

3. Zaɓen wuri

Tun ran gini tun ran zane. Kuskuren da aka yi wajen zaɓen wuri ba ya gyaruwa da sauƙi. Ka duba waɗannan abubuwa:

1. Ruwa. Wurin ya zama yana da ruwa rani da damina. Rufi ya tare ruwan sama, don haka ko a tsakiyar Agusta sai ka yi ban-ruwa.
2. Tudu. Kada ka gina a kwari inda ruwa yake kwanciya. Ka haƙa magudana kewaye da rumfar, domin ruwan da yake gangarowa daga rufi yana da yawa.
3. Rana da iska. Kada inuwar itace ko ta gini ta faɗo a kan rumfar. Kada katanga ta tare mata iska.
4. Hadari. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. Ka sa ƙuntataccen gefen rumfar ya fuskanci gabas, ƙofa kuma ta kasance a yamma.
5. Tsaro. Wurin ya zama kusa da gida. Ka yi shinge saboda awaki da yara.
6. Hanya. Tumatir ba ya jure wahalar tafiya. A tabbata mota za ta iya zuwa ko da damina.

Ranar da za a ja leda a kan rufi, a zaɓi lokacin da ba iska. A gayyaci mutane, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ja ta ta miƙe tsaf. Ledar da ta yi sako-sako iska za ta riƙa kaɗa ta har ta yage, ruwa kuma ya taru a kanta ya yi mata nauyi.

4. Zafi shi ne babban abokin gaba

Kowa ya taɓa shiga motar da aka rufe a rana ya san yadda cikinta yake. Haka rumfar leda take. Haske yana shiga, zafi ya taru, ya rasa hanyar fita.

Ana auna zafi da digiri. Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 da 28. In zafi ya kai digiri 35, fure yakan bushe ya zube ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40 a waje. Cikin rumfar da ba ta samun iska kuwa ya fi haka. Za ka ga shuka ta yi kore shar, ta yi tsawo, amma ba ko ɗa ɗaya.

Ga yadda ake rage zafi:

1. A gina rumfa mai tsawo. Bangon ya kai mita 3 ko fiye. Iska mai zafi sama take tashi, don haka tsawo yana nisanta ta da shuka.
2. A bar taga a ƙololuwar rufi, a rufe ta da raga. Ta nan zafi yake fita.
3. A wanke ragar bango. Ƙurar hunturu tana toshe idanunta, iska ta kasa wucewa.
4. Da bazara a yi wa rufi inuwa. Ana shimfiɗa ragar inuwa a sama, ko a dama alli da ruwa a fesa a kan leda ta waje. Manoman Almeriya haka suke yi a lokacin zafi. In zafi ya wuce sai a wanke.
5. A rataye ma'aunin zafi a tsakiyar rumfa, daidai tsawon shuka, inda rana ba ta dukansa kai tsaye. A duba shi da safe, da azahar, da yamma. A rubuta lambar a littafi.

Kai ma ka kula da lafiyarka. Ka yi aikin cikin rumfa da sassafe ko da yamma. Ka sha ruwa da yawa. Kada a bar yaro a ciki da tsakar rana.

Da damina kuma wata matsala takan taso, ita ce laima. Da safe za ka ga leda ta yi gumi ta ciki, ruwa yana ɗiga a kan ganye. Jiƙaƙƙen ganye shi ne gidan cuta. Maganinsa shi ne iska: a cire tsofaffin ganyen ƙasa, kuma kada a cunkushe shuka.

5. Ban-ruwa da taki

Ana ɗora tanki a kan dandamali mai tsawon mita 2, domin ruwa ya gangaro da ƙarfinsa. Daga tanki ruwa yana bi ta matata, sannan ya shiga tiyo, ya riƙa ɗiga a gindin shuka. Wannan hanya tana tattalin ruwa, kuma ba ta jiƙa ganye.

Tumatir babba mai 'ya'ya yakan sha lita 1 zuwa 2 a rana, da zafi ma fiye da haka. Mu yi lissafi. Shuka 500 sau lita 2, lita 1,000 ke nan. Duro ɗaya yana cin lita 200. Ka ga kana bukatar duro 5 kowace rana. In rijiyarka ba za ta iya ba da wannan ba a watan Afrilu, kada ka fara.

A ba da ruwa kullum a kan lokaci ɗaya. In yau an cika ruwa gobe an bar shuka da ƙishi, tumatir yakan tsage, ko gindinsa ya yi baƙi ya loma. Mutane da yawa sukan ɗauka cuta ce, su yi ta sayen magani. Alhali rashin daidaita ruwa ne ya hana shuka jan wani sinadari mai suna kalsiyam daga ƙasa.

Don ka san ko ruwa ya isa, ka tona ƙasa kusa da shuka, ka dunƙula a hannu. In ta dunƙule ba ta ɗigar da ruwa ba, daidai ne. In ta watse, akwai ƙishi. In ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa.

A wanke matata aƙalla sau ɗaya a mako. In ruwan yana da laka, a wanke ta kullum. Lokaci lokaci a buɗe ƙarshen kowane tiyo, a bar ruwa ya kore dattin ciki. A rufe tanki don kada gansakuka ta fito. A bi layi a duba ko kowane huji yana ɗiga.

Kafin dashe a zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Takin zamani da ake zubawa a tanki na musamman ne, mai narkewa gaba ɗaya a ruwa. In ka jiƙa takin buhu na gona ka zuba, gari zai kwanta ya toshe tiyo. A bi awon da malamin gona ya faɗa, domin yawan taki yana tara gishiri a ƙasa.

6. Kula da shuka

A nemi irin tumatir mai hawa, wanda yake ci gaba da tsawo yana ba da 'ya'ya wata da watanni. A tambayi mai sayarwa ko irin yana jure zafi da cutar nannaɗewar ganye. A karanta abin da aka rubuta a jikin fakiti, har da ranar da irin zai lalace.

Ana renon iri na mako 3 zuwa 4, sannan a dasa da yamma. Tsakanin shuka da shuka a bar wajen kamu ɗaya. Bayan dashe da kamar wata biyu da rabi ake fara tsinka.

Ayyuka uku ne ba a wasa da su:

Ɗauri. Ana ja waya a sama, a sauko da kirtani ga kowace shuka. Duk mako a nannaɗe shukar a jikin kirtaninta a hankali.

Cire tofo. Tsakanin ganye da kara wani ƙaramin reshe yakan tofo. A cire shi da hannu tun yana ƙarami, kowane mako. In an bar shi, shuka za ta zama duhuwa, 'ya'yan su yi ƙanana.

Girgiza. A fili, iska da ƙudan zuma ne suke motsa fure har ya ƙulla. A cikin rumfa babu su. Don haka da hantsi, bayan raɓa ta bushe kuma kafin rana ta yi zafi, a bi layi ana bubbuga waya da sanda a hankali. A yi haka aƙalla sau 3 a mako. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, amma wanda ya bar shi zai ga fure da yawa, 'ya'ya kaɗan.

7. Tsare ƙofa

Manoma ba za su manta da shekarar 2016 ba. A shekarar ne ƙwaron Tuta absoluta, wanda ake kira sharon, ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. A watan Mayu na shekarar gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake. Ya isa Sifen a 2006, daga nan ya bazu zuwa Afirka. Tsutsarsa tana shiga cikin ganye da 'ya'ya, inda magani ba ya kai mata da sauƙi.

Akwai kuma wasu ƙananan fararen ƙwari masu zama a bayan ganye. In ka taɓa shuka sai su tashi kamar gari. Su ne suke yaɗa cutar nannaɗewar ganye, wadda ba ta da magani in ta kama.

Raga tana tare waɗannan ƙwari. Amma in suka sami shiga, sun sami gida mai ɗumi da abinci, sai su hayayyafa fiye da na waje. Saboda haka rigakafi ya fi magani:

1. A yi ƙofa biyu da ɗan zaure a tsakaninsu. Ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu.
2. A ajiye kwano mai faɗi a zauren, da ruwan maganin kashe cuta, a taka kafin a shiga.
3. Kada a fito daga lambun waje a wuce cikin rumfa da kaya ɗaya. A fara da aikin rumfa da safe.
4. A rage 'yan kallo. Baƙo ya tsaya a waje ya leƙa.
5. Mai shan taba ko mai anwuru ya wanke hannu da sabulu, domin akwai cutar ganyen taba da take kama tumatir.
6. A nome ciyawa ciki da kewayen rumfa.
7. A rataye tarko mai danƙo, launin rawaya, a saman shuka. Ƙwarin da suka manne za su nuna maka abin da ya shigo.
8. Shukar da ta kamu da cuta a tuge ta, a sa a buhu, a fitar, a binne nesa.

Kowace safiya ka juya bayan ganye ka duba. Ƙwaron da aka gani da wuri yana da sauƙin kashewa.

8. Feshi

Feshi a rufaffen wuri ya fi na fili haɗari, domin iska ba ta kwashe maganin da sauri. Ka sa riga mai dogon hannu da wando da takalmin roba da safar hannu, ka rufe hanci da baki. Ka fara daga ƙurya kana ja da baya zuwa ƙofa. In ka gama ka rufe, ka yi wanka da sabulu. Kada kowa ya shiga sai lokacin da aka rubuta a jikin kwalba ya cika.

A jikin kwalba kuma an rubuta kwanakin da za a jira kafin a tsinka. Ka cika su. Tumatirin nan mutane ne za su ci, har da iyalinka. Kada ka dage a kan magani iri ɗaya, domin ƙwari suna sabawa da shi. Kada kuma ka fesa a jikin leda. Magungunan da suke da farar wuta suna tsufar da ita da wuri.

9. Kula da leda da ginshiƙai

Leda ita ce ta fi saurin lalacewa, kuma tana da tsada. Ga abin da zai ƙara mata kwana:

Duk mako ka zagaya rumfa ciki da waje. In ka ga huji ko ɓaraka, ka goge wurin, ka manna salatif na gyaran leda ciki da waje a ranar. Hujin da yatsa yake shiga, iskar hadari ɗaya za ta mai da shi ƙofa. Ragar da ta yage a ɗinke ta.

Inda leda take kwance a kan ƙarfe nan take fara mutuwa, domin ƙarfe yana ɗaukar zafin rana. A shafa wa ƙarfen farin fenti irin na ruwa, ko a naɗe shi da tsumma. A lanƙwashe duk wata waya ko ƙusa mai tsini.

Bayan hunturu a wanke rufi da ruwa da tsumma mai laushi a ɗaure a doguwar sanda. Ƙura tana tare hasken da shuka take bukata.

Kafin faɗuwar damina a ɗaure duk noti, a ja leda ta miƙe, a duba gindin ginshiƙai, a yashe magudana. In katako ne, a duba gara.

Wuta da leda ba sa shiri. Kada a ƙona ciyawa kusa. Da rani a share fili kewaye da rumfar.

In leda ta tsufa, za ta yi duhu ta fara tsattsagewa. A canza ta. Tsohuwar kuma kada a ƙona ta, hayaƙinta guba ne. Kada a yar da ita a gona, domin dabbar da ta haɗiye leda takan rame har ta mutu. A naɗe ta a rufe itace ko taki da ita, ko a sayar wa masu sayen tsohuwar roba.

10. Gyaran ƙasa bayan girbi

In ana maimaita tumatir a wuri ɗaya, cuta tana taruwa a ƙasa. Akwai wasu tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙululu. Akwai kuma cutar da take sa shuka ta yi yaushi farat ɗaya tana kore. Tattasai da attarugu da yalo da dankalin Turawa dangin tumatir ne, cutarsu ɗaya. Canza tumatir da ɗayansu ba hutu ba ne ga ƙasa.

Bayan girbi a fitar da duk kara da saiwa da kirtani. In ƙasa ta yi fari-fari a sama, gishiri ne ya taru, sai a kwarara mata ruwa mai yawa ya wanke shi. Sannan a gasa ƙasar da rana. Yadda ake yi shi ne a kaftu ƙasa, a jiƙa ta sosai, a shimfiɗa farar leda mai haske a kai, a binne gefunanta, a bar ta mako 4 zuwa 6. Watannin Maris da Afrilu sun fi dacewa. Zafin da yake hana fure ƙullawa, shi ne zai kashe maka cutar ƙasa. In ƙasar ta lalace ƙwarai, ana iya shuka a cikin buhuna da sabuwar ƙasa.

11. Lissafi da kasuwa

Ka tsara shukarka da kasuwa a ranka. Misali, ka gasa ƙasa a Maris da Afrilu, ka zuba iri a farkon Mayu, ka dasa a farkon Yuni. Za ka fara tsinka wajen tsakiyar Agusta, lokacin da tumatirin rani ya daɗe da ƙarewa. In ka bari girbinka ya faɗo a Fabrairu, za ka yi gogayya da masu noman fili, waɗanda ba su kashe kuɗin leda ba.

Ka nemi mai saye tun kafin ka shuka: masu otal, masu sayar da abinci, 'yan kasuwar birni. Ka ware manya daban, ƙanana daban. Akwatin roba ya fi kwando kare tumatir daga matsewa.

Ka sayi littafi. Shafi ɗaya na kuɗin da ya fita, ɗaya na kuɗin da ya shigo. Ka rubuta iri, taki, magani, man inji, ladan ma'aikata da kuɗin mota. Kada ka manta da kuɗin sabuwar leda. Ga misali don koyon lissafi. A ce ledar rufi ta ci N360,000, kuma za ta yi shekara 3, wato wata 36. In ka raba 360,000 gida 36 za ka sami 10,000. Ke nan kowane wata sai ka ware N10,000 ka ajiye. Wanda ya cinye wannan kuɗi a matsayin riba, ranar da leda ta yage zai tsaya cak.

Kada ka sayar da gona ko shanun noma don gina rumfa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hanya mafi sauƙi ita ce 'yan aji ɗaya, maza ko mata, su kafa ƙungiya, su gina ƙarama guda ɗaya, su raba aiki, su koya. Kafin a kashe ko kwabo a ziyarci wanda yake da rumfa, a ji daɗi da wuyar abin daga bakinsa. A nemi shawarar malamin gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da reshen cibiyar binciken kayan lambu da ke Bagauda a Jihar Kano suna da masana a kan tumatir.

A nan ne amfanin zuwa ajin yaƙi da jahilci yake fitowa. Karanta ma'aunin zafi, karanta jikin kwalbar magani, auna taki, rubuta shiga da fita, duk sai da karatu da lissafi. Manomin da ya iya su ba ya jiran wani ya karanta masa.

A riƙe waɗannan

Kullum: duba zafi, ba da ruwa, duba bayan ganye, rufe ƙofa.
Duk mako: ɗauri, cire tofo, girgiza sau 3, wanke matata, neman huji.
Duk shekara: wanke rufi da raga, ɗaure noti, gasa ƙasa, rufe lissafi.

Sababbin kalmomi

Digiri: awon zafi ko sanyi.
Mikiron: awon kaurin abu mai siriri kamar leda.
Matata: abin da yake tace datti daga ruwa.
Hekta: awon fili, wajen eka biyu da rabi.

Tambayoyi

1. Faɗi sassa huɗu na rumfar leda.
2. Me yake faruwa da furen tumatir in zafi ya kai digiri 35?
3. Don me ake bubbuga waya da hantsi?
4. Shuka 300, kowace tana shan lita 2 a rana. Duro nawa ake bukata?
5. Don me ba a ƙona tsohuwar leda ko a yar da ita a gona?
6. A wane wata tumatir ya fi tsada a kasuwarku? Ku ƙirga baya, ku gano watan da ya kamata a zuba iri.

Ku rubuta amsoshinku a littafi, ku nuna wa malamin ajinku. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.